Saki Uku A Wajen Rihazal

Murjanatu na tsintar shinkafa a tsakar gida, mijinta Zakiyyu kuwa sai kai-kawo yake da takardar fim a hannu. Tun yana wasan daɓe a sakandare nan Daura, har ya shiga na talabijin a Katsina, bai taɓa fitowa a jarumi ba sai yanzu da wani darakta ya kira shi Kano. Ai kuwa ya hana kansa sakat, ya hana ta!

"Don Allah Murja, ajiye faifan nan ki zama matar fim ɗin, mu yi rihazal, in gwada maganganuna."

Ta yi dariya, ta marairaice murya. "Haba Alhaji, me na yi maka?"

Ya haɗe rai, ya nuna ƙofa, ya daka tsawa. "Tattara naki ya naki! Na sake ki, saki uku!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Gwaggo Yelwa ce, yayar mahaifin Murjanatu, tsaye a bakin zaure, ƙwaryar fura ta suɓuce mata.

"Gwaggo, wasa ne fa, fim ne!" in ji Murjanatu.

"Ungo nan! Saki ake wasa da shi? Da kunnena na ji. Ɗauko mayafinki!"

Kafin la'asar Murjanatu na gidan ubanta. Malam Audi, dillalin shanu, da ma ba da son ransa ya ba ɗan fim 'yarsa ba. Ya ce aure ya mutu murus, a fara idda, kuma kada ta ƙara kula Zakiyyu.

Wayyo Murjanatu! Ta kasa zaune ta kasa tsaye, ko loma ba ta iya haɗiyewa. Tana son mijinta kamar ranta, ga shi da bakinta ta taya shi. In sakin ya tabbata, babu halin komawa ɗakinta. Ƙanwarta Shatu ce ke kawo mata labari: darakta ya bugo waya har ya gaji ya ba wani jarumtar, Zakiyyu ya ƙi motsawa daga Daura. Kullum da safe sai ya zo ya durƙusa a ƙofar gida ya gai da Baba, Baba ko kallo bai ishe shi ba.

"Ki lallaɓa ki fita ku gaisa mana," in ji Shatu.

"A'a. Ba zan ƙetare maganar Baba ba, ko da zuciyata za ta fashe."

Da dattawan unguwa suka matsa, sai Malam Audi ya yarda a je gaban Malam Badaru, tsohon malamin da shi kansa yake ɗaukar karatu a wurinsa. Malam ya saurari kowa, sannan ya dubi Zakiyyu.

"Tashi ka maimaita mana yadda kuka yi, mu gani."

Zakiyyu ya miƙe, ya ɗaga hannu zai nuna ƙofa, idonsa ya faɗa kan Murjanatu da ke rakuɓe bayan Gwaggo, duk ta rame. Mutumin da ke haddace shafi guda kafin shayi ya huce, yau baki ya ƙi buɗuwa. Ya zube ƙasa.

"Allah gafarta Malam, ba zan iya ba. Wallahi ko a ce shi ne zai dawo mini da ita, ba zan ƙara furta mata kalmar nan ba."

"Kukan fim ne!" in ji Gwaggo.

"A'a Gwaggo," Murjanatu ta ce cikin sheshsheƙa. "Na fim sai ya shafa man zafi a ido, ni nake sa masa a jaka. Wannan nasa ne."

Malam Badaru ya gyara zama ya ce a fahimtarsa wanda ya hakaito maganar wani bai yi saki ba, aure na nan daram. "Amma kai yaro, kalmar nan ba ta tsakar gida ba ce. Ka bar ta can wurin aikinku."

Malam Audi ya daɗe yana kallon surukinsa a durƙushe, sannan ya yi gyaran murya.

"Murjanatu, tashi ki bi mijinki. Allah Ya yi muku albarka."

Jarumtar fim ta wuce Zakiyyu a wannan karon, amma ya koma gida da matarsa, da albarkar da bai samu ba ko ranar ɗaurin aure. To 'yan'uwa matasa, ku kiyaye harshenku a kan aure, kuma in iyaye suka fusata ku yi haƙuri ku bi su sannu.