Sharaɗin Baba Oyewole

A gabana aka ƙulla maganar, a bakin kududdufin tarwaɗar Baba Oyewole da ke Ogbomosho. Ni dillalin kifinsa ne, tare muka tsufa a sana'ar.

Folarin ɗalibin aikin gona ne, makaranta ta turo shi koyon aiki na wata shida. Ya kwanta rub da ciki ya gaishe mu.

"Tashi, ɗan boko," in ji Baba. "Zan koya maka komai, har yadda ake matse ƙwan tarwaɗa. Amma in ka gama, ba ka kiwon kifi a garin nan. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Ba shi kaɗai aka yi wa ba. Baba ne ya kawo wannan doka ƙungiyar masu kifi, kuma da ita ya kori ɗan ƙaninsa zuwa Ilori.

Suna cikin musabaha Morenike ta fito da bokitin abincin kifi. Ita kaɗai ce 'yar da Allah ya bar wa Baba, uwarta ta rasu. Ta dubi farin takalmin yaron.

"Da wannan za ka shiga taɓo, Injiniya?"

Washegari ya zo ba takalmi. Ta yi dariya har ta zauna.

Tare suke ware manyan kifi da ƙanana don kada su cinye juna. Ƙayar tarwaɗa ta soke shi, ita ta ɗaure masa yatsa. Kafin damina ta fita ya daina ce mata Morenike, sai Abeni, sunan da uwarta ke lallashinta da shi.

Ɗan mai sayar musu da abincin kifi, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai mata labarin sharaɗin. Ta tura wa Folarin saƙo:

"Ashe da ranar tafiyarka ka zo. Me ya sa ka bari na saba da kai?"

Ya amsa: "Abeni tawa, ranar da na yarda ban san ki ba. Tafiya dole ce, na ba da kalmata. Amma ba na son tafiya ni kaɗai."

Da Baba ya ji Folarin na son aurenta ya tafi da ita, ya ce ko kusa.

"Wa zai rufe min ido in na mutu? Tarwaɗa?"

Na same shi gefe. "Oyewole, ka janye sharaɗin mana. Yaro ya haƙa nasa kududdufin a bayan gidanka, 'yarka na kusa."

Ya girgiza kai.

"Da wane ido zan dubi ƙanena?"

Ranar yaye ɗalibai, Folarin bai tsaya ɗaukar hoto ba. Ya zo gona da rigar bikin a jikinsa, ya kwanta a taɓo gaban Baba.

"Makaranta ta ba ni takarda, kai ka ba ni sana'ar hannu. Na samu fili a garin Shaki. Ba zan roƙe ka ka karya maganarka ba, Baba. Abeni nake roƙo."

Baba ya juya ga 'yarsa. "Ke fa?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ina son shi, Baba mi. Amma in ka ce in zauna, na zauna."

"Na san za ki zauna. Shi ya sa ba zan ce ba."

An sha biki bayan Kirsimeti, aka ci amala da miyar wake har aka bar saura. Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah ya sa ruwansu kada ya ƙafe, gidansu kada ya yi shiru. Ya zaɓi manyan iyayen kifinsa ya sa musu a mota.

Folarin ya samu mata da sana'a. Morenike ta samu mijin da ba ya cin alkawari. Baba Oyewole kuwa kasuwar garin na hannunsa har yau, ba wanda ya taɓa masa ita. Shi kaɗai yake watsa wa kifi abinci da yamma.