Majo Ya Rubuta Ɗaya

Ranar da Hashimu ya fara ganin Tsahara, kwance yake cikin lambun mahaifinta, babur ɗin gwamnati a kansa, ƙafarsa ɗaya cikin hanyar ruwa. Sati biyu ke nan da turo shi Tungar Illo, wani ƙauye a kwarin Badagishiri, ya zama majo, wato mai riƙe da ɗan asibitin garin. Bai san hanya ba, kuma girman kai ya hana shi tambaya.

Ita kuwa abinci ta kawo wa masu ban ruwa. Sai da ta sauke kwanon don ta ji daɗin yin dariya.

"Sannu Majo. To yanzu wa za shi yi maka magani, tunda kai ɗai muke da?"

"Ki ɗaga mini babur ɗin tukuna, sai ki ci gaba da dariyar."

"Ka hwara ba albasar Baba haƙuri. Ka kashe mashi hwangali biyu."

Ta kama ta ɗaga. Shi dai tun daga wannan rana bai ƙara samun kansa ba.

Tsahara 'yar Maigari Labo ce, kuma daga gidan maigari ake kai wa baƙon ma'aikaci abinci. Ta yi ajin yaƙi da jahilci, ta iya rubutu tsaf. Ba a yi wata biyu ba Hashimu ya fara tsintar takarda a ƙarƙashin faifan da ake rufe masa tuwo.

"Majo na, ina gaisuwa. Tuwon yau ni nit tuƙa, in ka rage ko loma zan sani. Jiya na gane ka kana gardama da wata tsohuwa bisa maganin tari, kuma ita tac ci. Taka, Tsahara."

Ya mayar da amsa cikin kwanon da ya suɗe tas.

"Sanyin idona, na cinye. Tsohuwa ta fi ni baki, ke kuma kin fi ta. Ni mutumin Damagaram ne, ban iya kwana-kwana ba. Ina son ki, kuma aurenki nake so."

Da maganar ta je gaban Maigari Labo, bai yi faɗa ba. Ya dai ce ba ya ba ma'aikacin gwamnati 'ya, mutumin da ba shi da ko taƙi ɗaya na gona a garin, wanda gobe takarda za ta zo ta ɗauke shi zuwa inda ba a sani ba. Ga Dogo, ɗan masu manyan motoci na Birnin Konni, wanda ke kwasar albasar garin kowace shekara, shi ma ya nuna yana ciki. Maigari ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma kowa ya san inda zuciyarsa ta karkata.

Ana cikin haka, a bazarar alif ɗari tara da casa'in da biyar, sanƙarau ya shigo ƙasa.

Allurar rigakafi ba ta isa kowa a lokaci ɗaya ba, saboda haka hukumar lafiya ta kafa tsari. Kowace Litinin, kowane majo zai aika takarda Illela, inda babban asibitin yankin yake, da yawan waɗanda suka kamu a garinsa. Garin da ciwon ya fi tsananta, can ayarin masu allura zai fara sauka. Tsari ne mai kyau, muddin masu rubutun sun rubuta gaskiya.

A satin farko mutum biyar suka kwanta a Tungar Illo. Kuma a satin ne aka gama cire albasa, tana tsibi-tsibi a bakin lambuna, ana jiran motoci. Sai ji-ta-ji-ta ta cika gari cewa duk ƙauyen da aka rubuta da ciwo, jandarma za su datse hanyarsa, ba mai shiga ba mai fita. Ran Lahadi da hantsi Maigari ya aika aka kira Hashimu zaure.

"Majo, nawa za ka rubutawa gobe?"

"Biyar, ranka ya daɗe. Kuma ni ban ga inda aka ce za a rufe hanya ba. Allura za a kawo."

"Kai yaro ne, ba ka san gomnati ba. In anka ɗaure hanya sati biyu, wahalar shekara ta ruɓe bisa idonmu. Sati guda nike roƙo. A loda albasa, sannan ka rubuta abin da kake so." Ya dube shi. "Wanda yat tsare mutuncin gari, ɗan gari ne. Ni kau ɗan gari nike son ba ɗiyata."

Hashimu ya san amfanin takardar fiye da kowa a zauren nan. Ba jahilci ya ja shi ba, ba kuma tsoro ba. So ne, da son kai. Ya ce wa zuciyarsa sati ɗaya ba komai ba ne. Ran Litinin ya ɗauki biro, a gurbin biyar ya rubuta ɗaya.

Ran Alhamis yana tsaye a ƙofar asibiti ya ga farar motar masu allura ta taho. Ta rage gudu a mararraba, direban ya ɗaga masa hannu, ta wuce zuwa wani gari da majonsa ya rubuta huɗu.

Motocin Dogo suka zo suka yi lodi lafiya. Litinin ta zagayo, masu ciwo sun kai goma sha tara, har an kafa rumfar zana a bayan asibiti don ɗaki ya cika. Ya rubuta gaskiya a ranar. Amma ayari ya riga ya yi nisa, allurar da ke hannu ta ƙare, sai an jira wata. Kwana goma sha biyu aka yi kafin su iso. Ba wanda ya rufe hanya, ko jandarma ɗaya ba a gani ba.

Saura kwana uku su iso aka kawo Tsahara a amalanke, wuyanta ya sanƙare, jikinta kamar garwashi. Shi ya yi mata allura da hannunsa, shi ya zauna a gefen tabarmarta tsakanin sauran marasa lafiya. Rana ta biyar ta buɗe ido ta gan shi.

"Tsahara, kin gane ni? Sannu, sanyin idona."

Ta ƙura wa bakinsa ido. "Majo, mi kake cewa? Ɗaga murya mana."

Ya ɗaga. Ya ƙara ɗagawa har mutanen rumfa suka waiwayo. Ciwon ya bar mata rai, ya tafi da jinta gaba ɗaya.

Mutum bakwai garin ya binne a wannan bazara. Dogo ya aiko da gaisuwa da buhun shinkafa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Maigari Labo ya rame, ya daina zama zaure. Wata rana ya tare Hashimu a hanyar masallaci, bai iya haɗa ido da shi ba.

"In har yanzu kana so, na ba ka."

Abin da ya sayar da amanarsa dominsa ke nan, an miƙo masa, ya kasa miƙa hannu. Ya daina bi ta ƙofar gidan. Tuwo ya zo ya koma yadda yake. Wata guda cur yana gudunta, sai ga takarda a ƙarƙashin faifai.

"Majo, ban ce Majo na ba, don ban sani ba ko har yanzu nawa ne. Dogo ya gudu, ban yi kuka ba. Kai ne ban zata ba. In kurma ce ba ka so, ka hwaɗi, ba ni riƙe ka. Kunnena ɗai yam mutu, ni ina nan."

Ya karanta ya zauna ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Washegari da la'asar ya tafi gidan da littafi da biro. Suka zauna a zaure, ya rubuta mata komai: biyar ɗin, ɗayan, farar motar, da dalilin. Bai ɓoye sunan mahaifinta ba, bai kuma ɓuya a bayansa ba. A ƙarshe ya rubuta, "Ba ke nake gudu ba. Ni na jawo miki wannan, don in same ki."

Ta karanta sau biyu. Da ta yi magana muryarta ta fita da ƙarfi, don ba ta jin kanta.

"Don ni? Mutum bakwai, Hashimu, don ni?"

Ta tashi ta shige gida da littafin. Damina ta faɗi, aka yi shuka, aka yi noman fari, bai ji daga gare ta ba. Abincinsa ma wata ke tuƙawa, ya gane a baki. Sai da gero ya fara fitar da kai aka dawo masa da littafin, da rubutunta a ciki.

"Na yi hushi har na gaji. Na so in ƙi ka, zucciyata ta ƙiya. Abin da kay yi mani na yahe, don nawa ne. Na gida bakwai ba nawa ba ne. Ka tahi Illela ka hwaɗa ma manyanka. Ka shiga gidajen nan guda-guda ka hwaɗa masu da bakinka. In ka gama, in kana da sauran ƙahwa, ka taho. Ba ni zama bisa ƙarya."

Ya je Illela. Babban likita ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. Aka sauke shi daga majo, aka ce bayan kaka zai koma can wani gari da ake kira Alela ya yi aiki a ƙarƙashin wani.

Gidajen sun fi Illela wuya. A na farko aka ce Allah ya riga ya ƙaddara, aka sallame shi. A na biyu maigidan ya tofar da yawu a gabansa ya shige ciki. Yana fitowa daga na uku ya tarar da Maigari Labo tsaye da sandarsa. Tsohon ya bi bayansa, kuma a gida na huɗu shi ya fara magana.

Na ƙarshe gidan Larai ne, wadda 'yarta ɗaya tilo ta rasu a rumfar, yarinya mai shekara tara. Tana tankaɗe suka shiga. Ta saurara ba ta ajiye rariya ba.

"Kun gama? To ku tashi ku ba ni wuri."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Tsahara ta ce ba kiɗa, ba guɗa, garin da ke da sabbin kaburbura bakwai ba a yi masa haka. Aka raba goro, aka shafa fatiha, kowa ya watse. Hashimu ya samu wadda yake so, farin cikinsa kuma da nauyi a ciki, ya san haka zai ɗauke shi har ƙarshen ransa.

Ran da za su tafi Alela, da safe, mata suka rako amarya bakin mota shiru kamar masu rakiyar mara lafiya. An ɗora kaya, an ɗaure. Sai mata suka dare, ga Larai ta taho.

Ba ta ko dubi Hashimu ba. Ta tsaya gaban Tsahara, ta ɗaga mayafinta ta kalli fuskarta.

"Ɗiyar mutane za ta ɗakin miji ba guɗa? Ita mi tay yi?"

Ta kama hannun amarya mai lalle ta ɗora a kan maƙogwaronta, ta riƙe shi nan, ta rangaɗa guɗa mai tsawo, hawaye na zubo mata. Tsahara ta ji rawar muryar a tafin hannunta, ta fashe da kuka tana dariya. Sauran mata suka ɗauka.

Sannan Larai ta juyo wajen ango.

"Majo, ban mance ba, kuma ba ni mancewa. Amma ka zo ka hwaɗi, da wasu ne, da ba su zo ba. Allah shi ba ku zaman lahiya. Allah shi ba ku ɗiya, shi raya maku su. In kunka samu, ka kai su allura da ƙahwarka."

"Amin, Inna," in ji shi, da ƙyar.

Mota ta tashi. Tsahara ta share ido, ta miƙo masa littafi da biro.

"Majo na, mi tac ce?"

Ya ɗora littafin a gwiwa, mota na girgiza, ya rubuta mata duka tun daga farko, bai rage ko kalma ɗaya ba. Ta karanta, ta kama hannunsa ta riƙe, ta ce, "Amin."