Dodon Kan Gada

Ilham na zaune a tsakar gida tana ɓare gyaɗa lokacin da mahaifinta Malam Kallamu ya shigo, ya miƙo mata wayarsa ba tare da ya amsa sannunta ba.

Bidiyo ne ɗan gajere. Abdussalam ne a shagonsa na caji da ke kasuwar Zakirai, ya duƙufa kan kwamfuta, a allonta takobi na walƙiya, jini na fallatsa. Can ya ɗaga hannu sama yana dariya, yana cewa ya kashe shi.

"Wannan ne kike so in aura miki?"

"Baba, wasa ne..."

"Na san wasa ne. Abin da ya fi damuna ke nan. Ki gaya masa kada ya sake tako min ƙofar gida."

Bai ɗaga murya ba, ya karɓi wayarsa ya fita. Ilham ta kifa kai a gwiwa, hawaye na ɗiga cikin ɓawon gyaɗa.

Ta san inda abin ya taɓa shi. Kakanninta daga Borno suka zo tun da daɗewa, amma ƙanen mahaifinta Bunu ya koma can fatauci, 'yan bindiga suka tare su a hanya, ko gawarsa ba a gani ba. Tun daga ranar ba a ambaton sunan Bunu a gidan.

Ita da Abdussalam kuwa musu ne ya haɗa su. Ta dawo hutu daga kwalejin Bici, ta kai kwamfutarta caji, ya hango wasan da take yi. Irin wanda labari ke jan mutum ne: kai ne matafiyi a wata ƙasar matsafa da dodanni, kana zance da mutane, kana zaɓar amsa, kuma duk abin da ka zaɓa sai ya biyo ka. Ya yi dariya ya ce wannan ai karatu ne, ba wasa ba. Nasa na faɗa ne zalla, takobi da garkuwa, sai ka haddace motsin abokin gaba kafin ka ci shi. Ta ce nasa ba zuciya, kowa ya faɗi an manta da shi. Ya ce nata ba gumi, surutu kawai. Suka yi ta wannan musu har damina ta wuce, wata ta zo, kafin su ankara ya koma zance a zauren gidansu.

Da yammar ranar da Baba ya nuna mata bidiyon, Abdussalam ya kira ta. Ya riga ya san wadda ta ɗauki bidiyon: Sauda, 'yar kawunsa, wadda dangi suka daɗe suna yi masa sha'awarta. Ya ce zai goge wasan yanzun nan, ya je ya rantse wa Baba ya daina.

"Ka daina ɗin?" ta tambaya.

Ya fara kame-kame.

"To kada ka rantse, Abdussalam. Ba na son a ɗaura mana aure a kan ƙarya."

"Ni kuma ba zan iya rasa ki ba, Ilhamina... Faɗa min abin da zan yi."

Ta kashe wayar ta ci gaba da kukanta.

Kwanaki suka shuɗe ba ta buɗe kwamfutar ba, kuma wadda ta fara ƙorafi ita ce Kaka Falta, mahaifiyar Kallamu da Bunu. Tsohuwar ta saba duk bayan la'asar Ilham ta zauna kusa da ita tana fassara mata labarin wasan, ita kuma tana yanke hukunci: a yafe wa ɓarawon nan, kada a yarda da matsafin can, idonsa bai kwanta mata ba. Yanzu labarin ya tsaya a bakin wata gada, inda wani dodo mai aman wuta ya tare hanya. Ilham ta gwada har ta gaji, ba ta iya faɗa ba.

Kaka ta sa ta a gaba har ta faɗa mata komai. Tsohuwar ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce a kira mata yaron, a kira mata Kallamu.

A ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida aka shimfiɗa tabarma. Abdussalam ya shigo da ƙurar gona a ƙafa, ya durƙusa ya gaishe su. Malam Kallamu ya amsa a taƙaice, fuskarsa na kallon katanga. Kaka ta nuna kwamfutar ta ce ya tsallakar da ita gadar nan, tana son sanin abin da ke ƙetare.

Ya fara. Dodon ya ƙone shi.

Ya sake. Dodon ya make shi da jela ya faɗa ruwa.

Ilham na bakin ƙofar ɗaki, ta damƙe gefen mayafinta. Haka ya yi ta faɗuwa yana tashi, gumi na tsattsafo masa saboda idon surukai. Duk faɗuwa sai ya ce bismillah a hankali ya koma. Kaka ta tambaye shi ko ba ya jin haushi, ya ce yana ji, amma duk sanda ya fusata ya fi saurin faɗuwa, wasan ne ya koya masa haka. Inuwa ta kai gindin rumbu kafin ya gano cewa dodon na jan numfashi gab da feso wuta. Ya jira, ya kauce, ya soke shi.

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ture kwamfutar gefe ya fuskanci Malam Kallamu.

"Baba, ba zan ce na daina ba, don ban daina ba. Amma dariyar da ka gani, ban san ciwon da ke gidan nan ba sai da Ilham ta faɗa min. Ka yafe ni."

Kaka ta juya ga Kallamu.

"Ni na haifi Bunu, Kallamu. Waɗanda suka kashe min ɗa ba wasa suke yi ba. Wannan yaro na zuba masa ido ana ta kayar da shi a gaban mutane, ko tsaki bai yi ba. Ni abin da nake nema wa jikata ke nan."

Sunan ya faɗo tsakar gidan kamar an saki tulu. Malam Kallamu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka girgiza. Ilham ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar. Da ya iya magana, ya ce shi dai kada a kunna na faɗan a gabansa, sannan ya ce wa Abdussalam ya turo manyansa bayan an kai amfanin gona gida.

Sauda ba ta zo biki ba, amma ta aiko da kwanon alkaki, Ilham ta karɓa ta aika mata da godiya, ta bar maganar a nan. Ran lalle Kaka ta zaunar da amarya ta ce musun nan nasu ya isa haka, ita ta ga wanda ya iya zance bai tsallake gada ba, wanda ya iya takobi kuma bai san inda za shi ba. Ilham ta ce har yanzu nata ya fi daɗi. Kaka ta ce ita ma haka ta gani, amma kada a gaya wa ango.

Ranar da za a kai ta, ta shiga yi wa mahaifinta sallama. Ta durƙusa tana son ta gode masa, kuka ya hana ta. Ya dafa kanta ya yi mata addu'a mai tsawo, har mata suka fara kira daga waje cewa mota na jira. Ta miƙe za ta fita, ya riƙo hannunta.

"Zauna kaɗan, uwata," ya ce. "Motar ta jira. Ban taɓa ba ki labarin baffanki ba."

Ta gyara mayafinta, ta zauna a gefen ƙafarsa.