Kalar da Dogo Ya Haɗa

"Sannu da jiki, amaryar Dogo."

Auta na jin muryar ta gane mai ita. Ta yunƙura za ta tashi zaune, amma ina! Ƙafarta ta dama na sagale a sama, ƙarafuna sun ratsa ta daga gwiwa har idon sawu. Mama ta fita karɓo magani, gadon da ke kusa da nata kuma babu kowa a kai.

Shalele ce, 'yar mai garejin da Dogo yake aikin gyaran jikin mota da fenti. Ta dire ledar lemo a kan durowa, ta jawo kujera har jikin gadon, sai ƙamshi take kamar an fasa kwalbar turare.

"Kin gan ni ranar, ko?"

Auta ta runtse ido. Ta gan ta mana! Da rana tsaka ta fito daga shagon ɗinkinta rungume da akwatin ƙarfen da take zuba almakashi da zare, wata mota ta shawo kwana a guje ta kwashe ta. Kafin ta suma ta ga wannan fuskar a bayan sitiyari, waya manne a kunne. Ko birki ba a taka ba.

"Ni... ni ban ga kowa ba."

"Yauwa, ashe da hankalinki." Shalele ta sunkuyo ta rage murya. "Kin san wa ya gyara motar washegari? Dogonki! Shi ya bubbuge gaban, ya goge, ya fesa sabon fenti. Ce masa aka yi ƙofar gida na daka, ya karɓi aikin jiki na rawa don ya samu na maganinki. Ranar da kika buɗe baki, Baba zai ce Dogo ne ya fita gwajin motar ya buge ki, shi ya sa ya yi saurin ɓoye shaida. Wa kike ganin za a yarda da shi?"

"Me na yi miki?"

"Wallahi ba da gangan na buge ki ba. Amma tunda abin ya zo a haka... ki bar min shi. Me gurguwa za ta yi da miji?"

Ta fice abinta, ƙwas ƙwas ƙwas.

Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. Ƙofa ta motsa, ta firgita. Mota ta yi hon a waje, ta ƙanƙame Mama. Likita kuwa bai ɓoye musu komai ba: ƙashin ya dagargaje, sai an yi wani babban aiki a asibitin ƙashi, in aka ja lokaci ƙafar ba za ta sake lanƙwasuwa ba, ƙila ma a rasa ta. Ƙafar da take taka keken ɗinki da ita, wadda ita ke ciyar da su ita da Mama tun rasuwar mahaifinta! Kuɗin aikin kuwa, ko shagon aka sayar har da ƙofarsa ba zai kai ba.

Wata lauya da ke taimakon marasa ƙarfi ta zo ta zauna a bakin gadon.

"Ƙanwata, haƙƙinki ne a biya ki diyya, a ɗauki nauyin aikin nan da duk asarar da kika yi. Amma ba zan kai iska ƙara ba. Ki ba ni ko kalar motar ce."

"Ban gani ba, Anti."

"Mace ce ko namiji?"

"Ban gani ba..."

Lauyar ta miƙe. "Duk ranar da kika tuna, ki neme ni. Ƙafarki dai ba za ta jira ki ba."

Mama kuwa a kan Dogo ta sauke haushinta.

"Kullum ya zo ya tsaya mana a ka da hannuwa duk fenti, sai sannu, sai sannu! Sannu za ta ɗora ƙashi? Ga uban gidansa can yana yawo da maganar wai ya hana shi auren nakasasshiya. To ni ma na fasa! Ba zan kai 'yata inda za a yi mata gori ba."

"Mama, don Allah..."

"Rufe min baki! Soyayya kike ta tata, ƙafarki na ruɓewa."

Auta ta juya fuskarta bango. In ta yi magana a ɗaure Dogo, in ta yi shiru a yanke ƙafa. Ta rasa wanne ya fi ba ta tsoro, kuma babu wanda za ta gaya wa.

Wata rana da hantsi Dogo ya shigo, saboda tsayi har sai ya sunkuya a ƙofa, duk ya rame.

"Zumata, yau ma ba ki ci komai ba?"

"Na ƙoshi."

"Da me? Da hawaye?"

Ya durƙusa zai ɗauko mata kofi, sai idonsa ya kai kan akwatin ƙarfen a ƙarƙashin gado. Maƙwabciyar shagonta ce ta tsince shi a titi ta kawo wa Mama. Shi kuwa Dogo, Allah Ya yi shi ba ya iya ganin ƙarfe a lotse ya wuce. Ko murfin tukunyar mutane ne sai ya miƙar da shi hankalinsa ke kwanciya.

"Ji yadda ya lanƙwashe. Bari in tafi da shi in bubbuge miki."

"A'a! Bar shi!"

Ihun da ta yi ne ya sa ya dube ta, sannan ya dubi akwatin da kyau. A gefen da ya lotsa akwai dogon shatin fenti. Ya kai shi jikin taga, ya kankara da farce, ya juya shi a hasken rana.

"Wannan kalar... ni na haɗa ta."

"Dogo..."

"Ba a sayar da ita a gwangwani. Shuɗi ne na sirka da toka da ɗan kore, Shalele na tsaye a kaina tana cewa in ƙara, in rage, har sai da ya yi mata. Mota ɗaya ce tak ke da ita a duniya." Ya juyo, idonsa jajur. "Innalillahi! Da hannuna na goge jininki, Auta? Na ga ɗigo-ɗigo a jikin fitila, aka ce min tsatsar ƙofa ce!"

Kuka ya ƙwace mata.

"Kin sani?"

Ta ɗaga kai.

"Kin sani kika yi shiru? Ƙafarki fa!"

"Cewa ta yi kai za su liƙa wa! Ɗaure ka za su yi, rabin raina. Gara ƙafar... wallahi gara ƙafar!"

Mama na tsaye a ƙofa da ledar magani, ta ji komai.

Dogo ya rungume akwatin ya miƙe. Auta ta cafke gefen rigarsa.

"Kar ka je! Mutumin nan shi ya raine ka, shi ya koya maka sana'a, ya san kowa a gari. Kai wa ka sani?"

"Ni ma tsoron nake ji, Zumata. Taɓa hannuna ki ji." Sanyi ƙalau kuwa. "Amma in na zauna, da wane ido zan riƙa kallonki kina jan ƙafa?"

Ya zare rigarsa daga hannunta a hankali ya fita.

Da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi da lauyar. Suka saurare shi, suka karɓi akwatin, suka kuma riƙe shi, don mai garejin na zuwa ya rantse cewa yaron ne ya fita da motar. Labarin na iso wa Auta numfashinta ya sarƙe, sai da nas ta yi ta yi mata fifita. Da ta dawo hayyacinta ta kama hannun Mama.

"Ki kira min Anti lauya. Na tuna."

A keken marasa lafiya aka tura ta ofishin. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka na ta ƙara a sama. Ga Shalele a gefe ta haɗe rai, ga mahaifinta da furfura da ƙaton agogo, ga Dogo a kan benci babu takalmi.

"Wa ke tuƙa motar?" in ji jami'in.

Shalele ta zuba mata ido. Auta ta dubi ƙafafun Dogo a kan siminti, ta ɗaga yatsa.

"Ita ce. Waya take yi. Ta gan ni, na gan ta."

"Ƙarya take! Saurayinta take karewa!"

Jami'in ya juya kan mai garejin. "Malam, ka sake faɗa a gaban yaron nan. Shi ne ya tuƙa? Ka san in shi ne, ga bugu, ga gudu, ga ɓoye shaida. Zai daɗe bai ga waje ba."

Dogo ya ɗago kai. "Baba, in ka ce ni ne, ba zan yi musu da kai ba. Ka dai biya mata aikin ƙafar."

Tsohon ya dube shi. Tun Dogo bai kai tsawon taya ba yake hannunsa. Ya cire hula ya share gumi, ya kalli 'yarsa, ya kalli ƙarafunan da ke ƙafar Auta.

"'Yata ce."

"Baba!"

"Yi min shiru! Lauya, duk abin da shari'a ta yanka zan biya, har da shagonta da ya zauna a rufe." Ya miƙe, bai yarda sun haɗa ido da Dogo ba. "Kai kuma kar in sake ganin ƙafarka a garejina."

Haka aka yi. Shalele ta amsa nata a gaban alƙali, aka yi wa Auta aiki, ƙafar ta tsira, sai ɗan ɗingishi da likita ya ce ta haƙura da shi. Dogo ya koma fentin ƙofofi da tagogin mutane. Mama da bakinta ta ce a sa rana, har tana faɗa wai me ake jira.

Ranar ɗaurin auren, bayan jama'a sun watse, Auta ta leƙo ta same shi zaune a bakin ƙofa cikin fararen kaya, yana ta kallon hanya. Ta dogara sandarta ta zo ta zauna kusa da shi.

"Bai zo ba?"

Ya girgiza kai. "Na ɗauka ko daga nesa zai tsaya..."

Ƙaton mutum, sai ga hawaye shar.

"Saboda ni ka rasa uba, Dogo."

"Kar ki ƙara faɗa. Ko yau aka dawo da ranar, zan sake zuwa. Kawai dai... da ciwo."

"Na sani."

Ta jawo kansa ta ɗora a kafaɗarta, ta bar shi ya yi kukansa har ya gaji. Can ta miƙa masa hannu.

"Tashi mu shiga, angona. Amma fa sai ka riƙe ni."