Baburin da Aka Cika wa Ciki

A can wani zamani, a wani ƙauye bayan dutse, an yi wani manomi mai yawan kyauta. In yana zuba wa baƙo fura, ko baƙon ya ce ya isa, sai ya ce, "Ƙara kaɗan."

Shi ya fara kawo babur ƙauyen. Manya da yara suka kewaye shi, suna mamakin dokin da ba ya cin ciyawa. Manomin ya riƙe baburin nan kamar baƙonsa.

Ranar da zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa, zai kai ta asibiti, ya zuba wa injin baƙin mai. "Ƙara kaɗan," ya ce. Ya ƙara, ya ƙara, har mai ya kai baki.

Ba su yi nisa ba sai hayaƙi ya turnuƙe hanya, kamar girgije ya sauko ƙasa. Babur ya yi tari, ya mutu.

Wani bakanike da ya zo wucewa ya zaro tsinken awon mai. "Bawan Allah, dubi zanen nan. Iyakarsa ke nan. Inji ma yana son wurin numfashi. Rage."

"Ban taɓa karɓe abin da na ba baƙo ba," in ji manomin.

Mahaifiyarsa tana rawar ɗari ta ce, "Ɗana, ai shaƙe shi ka yi."

Manomin ya durƙusa, ya kwance ƙusar da ke ƙarƙashin injin, mai ya tsiyaye har ya dawo kan zanen. Da aka tayar, injin ya ɗauki sauti mai laushi kamar kukan ƙudan zuma. Manomin ya saki baki yana saurare, sannan suka kama hanya.

Tun daga ranar, in baƙo ya ce, "Ya isa," sai manomin ya ɗaga ludayi, ya daina zubawa.