Turun Hajo

Sa'idu ya shigo da ƙwaryar kunu a hannu, ya tarar da matarsa Hajo yadda ya bar ta, zaune a ƙasa, ƙafarta ta hagu cikin turu. Gungumen kirya ne da aka fafe, sai mutum biyu ke iya ɗaga shi. Ɗakin na warin hayaƙin magani da danshi, don ruwan kogin Haɗeja ya malalo ya kewaye ƙauyensu da ke kusa da Auyo, ba shiga ba fita sai da kwalekwale.

Auren so suka yi. A bakin kogi suka saba, shi yana ɗinkin koma, ita tana sarin kifin da innarta ke soyawa. Ciwon ya same ta ne a haihuwar fari. Tana cikin wankan jego barci ya ƙaurace mata, ta fara cewa ana kiranta daga cikin ruwa. Ana gobe suna, da hantsi, ta goya jaririn ta nufi kogi. Ruwa ya kai mata ƙirji kafin masunta su tsamo su. Ranar aka sa ta a turu, aka miƙa yaron ga yayar Sa'idu ta shayar da shi.

Ba abin da ba a gwada ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har wani boka aka ɗauko ya ce aljanin ruwa ne, sai da tsumagiya zai fita. Sa'idu ya dawo daga kamun kifi ya ga shatar duka a bayanta, ya kori mutumin ko sallama babu.

Mahaifiyarsa, Inna 'Yar'azumi, ta gaji. Ta kira ƙanen mijinta marigayi, Baffa Gana, suka zaunar da shi a zaure. Baffa ya ce hanya biyu ce: ko ya sawwaƙe mata a mayar da ita Kaugama wurin danginta, ko a sanar da hakimi a sa ta a jirgin ƙasa zuwa gidan mahaukata na Turawa. Kowa a ƙauyen ya ji ana cewa wanda aka kai can ba ya dawowa.

"Baffa, lafiya lau na ɗauko ta," in ji Sa'idu, kansa a sunkuye. "Ɗana ta haifa ciwon ya kama ta. Da wane ido zan mayar musu da ita a ɗaure?"

"To ni fa?" in ji Inna. "Jikana ta kusa kashewa. Ka zaɓe ta, ka bar ni da tsoro a gidana."

Sa'idu ya ƙi bin ko ɗaya daga hanyoyin biyu. Ya daina fita su, hatsi ya ja baya a rumbu, abokai suka rage zuwa. In ya shiga ɗaki Hajo ba ta gane shi. Wata rana ta watsa masa kunun a fuska, ta kira shi ɓarawon ɗanta. Ya fita ya zauna cikin kwalekwalensa, ya riƙe filafili, zuciyarsa na cewa ya bi ruwa har Nguru kada ya waiwayo. Ya daɗe a haka yana hawaye. Kiran la'asar ya ji, ya yi alwala, ya koma gida.

Da ya durƙusa zai gyara mata zama sai ya ji wari. Inda turun ya ci idon sawunta ya ruɓe, yana fitar da mugunya. Ya ɗauko gatari. Inna ta tare ƙofa tana roƙonsa, ya ce ta gafarce shi, in ya bar ƙafar haka gawa za su kwance. Ya tsaga gungumen, ya ɗaura bakin zanenta a hannunsa, ya tuƙa su zuwa Haɗeja.

A ɗakin shan magani na En'e, disfensa Malam Ɗanladi ya wanke gyambon, ya ba da wani ruwan magani mai gishiri-gishiri na sa barci. Bai yi musu alkawarin warkewa ba. Ya ce ya taɓa ganin masu jego da irin wannan, wasu sun dawo hayyacinsu, wasu ba su dawo ba. A ci gaba da addu'a, a bar duka da ɗauri, ta ci ta yi barci, kuma kada a bar ta ita kaɗai ko kusa da ruwa.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan gadi ba. Sa'idu ya rame har idanunsa suka faɗa. Wata safiya Inna ta gan shi yana gyangyaɗi a tsaye, ta ɗauko tabarmarta da abin kaɗinta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakin. Ba ta ce ta haƙura ba, cewa ta yi ya je ya nemo musu abin miya.

Sauƙin bai zo lokaci ɗaya ba. Yau ta ci tuwo da hannunta, gobe ta wuni tana magana da bango. Sai da ruwa ya janye, aka fara yankan shinkafa a fadama, sannan wata rana ta dubi Sa'idu sosai, kamar wadda ta dawo daga doguwar tafiya.

"Malam, yaron yana da rai?"

"Yana nan, har ya fara zama."

"Wane suna kuka sa masa?"

"Haruna. Sunan babanki."

Inna ce da kanta ta je ta ɗauko shi, ta ɗora mata a cinya, ta zauna gab da ita tana tallafe da bayansa. Su ukun kuka suke yi, yaron kuwa yana jan ɗankwalin uwarsa.

Hajo ta rayu da ɗingishi har tsufanta, kuma a haihuwa ta biyu ciwon ya sake leƙowa. Amma wannan karon gidan ya san abin yi, kwana kaɗan ya lafa. Taɓin hankali ciwo ne kamar kowane ciwo, mai shi bai saya da kuɗinsa ba, kuma ya fi bukatar mutanensa a ranar da ba ya gane su. Sa'idu ya yi haƙuri a wannan rana, Allah kuma bai bar haƙurinsa ya tafi a banza ba.