Ranar Ruwan Unguwa

"Na yarda," in ji Rawan, muryarta a dushe. "Na gaji da jayayyar nan, Khalti."

Surukarta, Ummu Mu'utaz, ta dire kofin gahawa.

"To mu maimaita, kada gobe a ce tsohuwa ta yi ƙarya. Ɗana zai kai ki Irbid ku ga kwalejin nan. In ya dawo ya ce ta yi, na kama bakina. In ya ce ba ta yi ba fa?"

"In haƙura da karatun jinya, in tare a nan Karak."

"Ko ki cire mana zobenmu!" Lujain ta cafe daga bakin ƙofa.

'Yar ƙanwar tsohuwar ce, kuma duk unguwa an san yatsan da take so zoben ya koma.

Tun bara aka ɗaura auren, tarewa ta gagara. Rawan ta ce sai karatu, uwar miji ta ce matar ɗanta ba za ta kwana a wani gari ba. Shi kuwa mijin, Mu'utaz, mai gyaran wutar mota, sai ya daina magana, ya rame kawai.

Ranar tafiya Rawan na ji Lujain ta leƙa tagar mota tana raɗa masa, "Ka dai tona da kyau, ba a rasa aibu."

Rawan ta yi ta juya maganar nan a ranta har suka isa Irbid.

Wata ma'aikaciyar kwalejin mai suna Sitt Suhair ce ta zagaya da su. Rawan ta danne gajiyarta ta shiga tambaya. Shin hukuma ta san da takardar da suke bayarwa? A wane asibiti ake koyon aiki, kuma ana barin ɗaliba ta taɓa mara lafiya ko kallo ne daga nesa? Waɗanda suka gama bara, ina suke yanzu? Har ta ja wata ɗaliba gefe ta ce, "Tsakaninki da Allah, da za a mayar da ke baya, nan za ki sake zaɓa?"

Yarinyar ta yi dariya. "Abincin dai a'a. Malaman, e."

Sai ga muryar Mu'utaz, karon farko.

"Sitt, wace rana ake sako ruwa?"

"Ɗakin kwanan ɗalibai akwai manyan tankuna, ba sa ma sanin..."

"Ba shi nake nufi ba. Unguwar."

"Talata, in ban manta ba."

"Yana hawa bene da kansa, ko sai da inji?"

Rawan ta ji kamar ta nutse. Ashe aibun da zai kai gida ke nan!

Suna fita ƙofa ta juyo, idonta jawur.

"Ka samu abin da aka aiko ka nema? Ruwa! Mu a Karak ba mako muke yi muna jiran sa ba? Da ka ce min ba ka so kawai, Mu'utaz... da ka hutar da ni."

Ya jingina da mota kamar wanda ya sauke buhu.

"Habibti, na gaji. Wallahi na fi ki gajiya."

"To sake ni mana!"

"Ke da kika iya tambaya haka, amsa min guda. Wa kika taɓa ji yana tambayar ranar ruwan unguwar da ba tasa ba?"

Babanta ta tuna, lokacin da za su tashi daga tsohon gida. Kafin ya kalli ɗaki ko ƙofa, abin da ya fara tambayar maƙwabta ke nan.

"Mai... mai neman gidan haya," ta faɗa a hankali.

"Motocin Irbid ma wutarsu na lalacewa."

"Mahaifiyarka fa?"

"Cewa ta yi matata ba za ta kwana a wani gari ba. Inda nake, nan ne garinki."

Kuka ya ƙwace mata. Ta daki ƙirjinsa da jakarta.

"Mugu! Ka bar ni ina cin raina tun daga Karak!"

"Ai sai da na ji Talatar tukuna."

Da suka koma, tsohuwa na zaune inda suka bar ta, Lujain na gefenta.

"Kwalejin ta yi?" in ji tsohuwa.

"Ta yi, Umma. Ruwansu Talata ne, kuma yana hawa bene."

Lujain ta ce, "Ina ruwanmu da ruwansu?"

Tsohuwa kuwa ta gane. Ta yi zaman haya a ƙuruciyarta, ba ta buƙatar fassara. Ta dubi ɗanta, sannan ta ce, "Ku tafi da babban tulun nan, ba na amfani da shi."

Rawan ta samu karatu da miji. Mu'utaz ya samu barci, ya rasa garejin da ya saba da girkin gida. Lujain ba ta yi asarar komai ba, don dama ba nata ba ne. Wadda ta faɗi ita ce Ummu Mu'utaz: ta ɗaure sharaɗinta tam a kan inda suruka za ta kwana, ta manta ba ta ce komai a kan ɗanta ba.